Yadda Ake Gyara Murfin Akwatin Kwaɗi Don Daidaita Danshi da Iska

Kwaɗo ba ya kafa baki ya sha ruwa. Ta fata yake sha, musamman fatar cikinsa da ta gindin cinyoyinsa, kuma wani ɓangare na numfashinsa ma ta fatar yake bi. Don haka wanda ya ajiye kwaɗo a akwatin gilashi, irin wanda masu wannan kiwo ke kira terariyom, ya sani cewa lafiyar dabbar tana rataye ne da iskar da ke cikin akwatin. In iskar ta bushe, kwaɗo ya ƙanjame. In ta cika da danshi ta kuma tsaya cik, ba shiga ba fita, ƙwayoyin cuta da fumfuna su samu wurin zama, fatar ta fara lalacewa. Murfi ne ke raba gardama tsakanin waɗannan biyun, kuma da wuya ka samu wanda ya zo daga kanti daidai da kwaɗonka da ɗakinka.

Akwatunan da kamfanoni irin su Exo Terra da Zoo Med ke yi suna zuwa da murfin raga daga wannan gefe zuwa wancan, domin an yi su ne don dabbobi iri-iri, har da ƙadangarun da ke son busasshiyar iska. Ka yi feshin ruwa da safe, kafin azahar danshin ya gudu ta sama. Wanda kuma ya mayar da akwatin kifi gidan kwaɗo yakan ɗora masa gilashi guda ya rufe ruf. Rufewa ruf dabara ce ta masu tsirrai: a 1829 wani likita a Landan, Nathaniel Ward, ya lura tsiro ya fito ya ci gaba da rayuwa a cikin kwalbar da ya rufe, daga nan aka soma ƙera akwatunan gilashin da ake ɗaukar tsirrai a jirgin ruwa daga wata nahiya zuwa wata. Tsiro yana jure haka. Kwaɗo kuwa yana kashi, yana saɓa, ƙwarin da bai cinye ba suna mutuwa su ruɓe a ƙasa, dole iska ta riƙa sauyawa.

Shawarata tun daga farko ita ce kada ka yi murfin da ba ya sauyuwa. Yi wanda za ka iya ƙara buɗewa ko ragewa da hannu ɗaya, domin wanda ya yi daidai a watan Janairu zai zame maka matsala a watan Agusta.

San kwaɗonka tukuna

Mutane da yawa suna ɗauka kowane kwaɗo jiƙa yake so. Ba haka ba ne. Koren kwaɗon bishiya na Ostareliya da Niyu Gini, Litoria caerulea, wanda ake kira kwaɗon White, fatarsa tana da wani maiƙo da ke rage masa bushewa. Danshin kashi 50 zuwa 70 cikin 100 ya ishe shi, kuma yana son iska sosai. A akwatin da ke jiƙe kullum ne yake kamuwa da cutar fata. Kwaɗon ƙaho na Kudancin Amurka, Ceratophrys, mai faɗin bakin nan da ke binne kansa a ƙasa yana jiran abinci, yana son kashi 60 zuwa 80, amma abin da ya fi damunsa shi ne ƙasar da yake kwance a ciki: ta kasance da laima, ba caɓi ba. Kwaɗon bishiya mai jan ido na Amurka ta Tsakiya, Agalychnis callidryas, shi ma wajen 60 zuwa 80 ne, da sharaɗin ganyen da yake kwana a kai ya bushe da rana. Sai ƙananan kwaɗin dafi masu launi, dangin Dendrobatidae, su ne ke son kashi 80 zuwa sama, da zafin digiri 22 zuwa 26.

A kan waɗannan na ƙarshe zan faɗi ra'ayina ba ɓoye-ɓoye. Zafin da ya haura digiri 30 yana iya kashe su. Wanda ke zaune a Kano ko Sakkwato ko Maiduguri ko Yamai, inda zafin bazara kan kai digiri 40, ba shi kuma da ɗaki mai na'urar sanyaya iska da wutar da ba ta ɗaukewa, ya haƙura da su. Babu gyaran murfin da zai cece su.

A matsayin mafari kawai: kwaɗon White a rufe masa kashi ɗaya cikin uku na saman akwatin, kwaɗon ƙaho da mai jan ido, rabi zuwa biyu cikin uku, kwaɗin dafi a rufe kusan duka, a bar tsirin raga mai faɗin santimita 3 zuwa 5 daga wannan gefe zuwa wancan. Ɗakinka ne zai gaya maka ko za ka ƙara ko za ka rage.

Auna kafin ka yanka

Nemi ma'aunin danshi mai nuna lamba, wanda ke haɗe da na zafi. Masu allura masu araha da ake mannawa a jikin gilashi sukan yi ƙarya. Ko mai lambar ma ka gwada shi: zuba gishirin girki a murfin kwalba, ɗiga masa ruwa har ya jiƙe amma bai narke ba, ka sa shi tare da ma'aunin a cikin mazubin da iska ba ta shiga, ka rufe ya kwana. Iskar da ke tare da jiƙaƙƙen gishiri takan tsaya a kashi 75. Idan ma'auninka ya nuna 69, ka san kullum za ka riƙa ƙara masa 6. Rubuta hakan a bayansa.

Sa ma'aunin a tsakiyar tsayin akwatin, inda feshi ba ya dukansa kai tsaye, ba kuma a kwance a kan jiƙaƙƙiyar ƙasa ba. Ka riƙa rubuta abin da ya nuna da asuba, da azahar, da dare, har kwana uku ko huɗu. Za ka ga lambar tana hawa da dare ko ba ka yi feshi ba. Dalili shi ne iska mai ɗumi ta fi ɗaukar ruwa: a digiri 20 iskar da ta cika wuri mai mita ɗaya a tsawo da faɗi da tsayi tana iya riƙe wajen giram 17 na tururin ruwa, a digiri 30 kuwa wajen giram 30. Da an kashe fitila akwatin ya huce, ruwan da ke cikin iskar bai ƙaru ba amma kasonsa ya hau. Saboda haka kada ka sa rai lamba ɗaya ta tsaya maka dare da rana. In ban da na kwaɗin dafi, akwatin da ke kaiwa 90 bayan feshi, ya sauko a hankali zuwa 60 ko 65 da la'asar, ya sake hawa da dare, ya fi lafiya a kan wanda ya kafe a 85.

Yanzu yi gwaji da abin da ba ka jin asararsa. Shimfiɗa leda mai kauri ko falen roba a kan ragar, ka rufe kason da ka yi niyya, nesa da fitila. Bar shi kwana biyu ka ga lambobin. Ja shi baya ko gaba har sai ka samu abin da kake so, sannan ka auna faɗin da ka rufe da tef. Wannan awon ne za ka kai wa mai yankan gilashi.

Abu ɗaya kafin a je kasuwa. Murfi ba ya samar da danshi, riƙe wanda ke ciki kawai yake yi. Idan ƙasar akwatin santimita biyu ce kuma ta bushe ƙayau, ko ka rufe kashi 90 ba za ka ga wani abin kirki ba. Sa tsakuwa a can ƙasa don ruwa ya tsiyaye, ka ɗora ƙasar zaren ɓawon kwakwa mai kauri, da busassun ganye, da tsirrai masu rai, da kwanon ruwa mai faɗi. Su ne ke sakin danshi a hankali duk yini.

Kayan aiki, da waɗanda za ka guje wa

Gilashi mai kaurin milimita 3 ko 4 shi ne mafi dacewa. Masu haɗa tagogin alminiyom suna da guntaye da yawa, za su yanka maka a kuɗi kaɗan. Robar nan mai kama da gilashi da ake kira akirilik tana da sauƙin yanka, amma tana shan danshi ta gefen da ke kallon ciki, sai ta lanƙwashe, kusurwoyinta su ɗaga, kafa ta buɗe. Idan dole sai roba, polikabonet mai ɓawo biyu ta fi riƙe siffarta. Katako da kwali ba su da wuri a nan, fumfuna za ta cinye su.

Raga kuwa, ta ƙarfen da ba ya tsatsa ita ce ta gaba. Ragar taga ta zaren gilashi tana da laushi, ba ta goge wa kwaɗo hanci, amma gyare yana iya tauna ta ya huda. Ragar waya da aka shafa wa tutiya, irin ta kejin kaji, tana tsatsa a danshi, kuma ruwan da ya taru a jikinta yana ɗiga cikin akwatin, bar ta. Idan ƙananan ƙudajen 'ya'yan itace kake ciyarwa, kamar yadda masu kwaɗin dafi ke yi, nemi raga mai idon da bai wuce rabin milimita ba. Ka dai tuna cewa duk yadda idon ya ƙanƙance, haka iskar da ke wucewa take raguwa, don haka tsirin zai ɗan ƙara faɗi.

Ga gargaɗin da na fi so a riƙe. Kada a yanki gidan sauro a yi raga da shi. Wanda ake rabawa don yaƙi da zazzaɓin cizon sauro an jiƙa zarensa da maganin ƙwari na dangin firetiroid, irin su permethrin da deltamethrin, an kuma yi shi ne don maganin ya daɗe ko an wanke. Raɓar da ta taru a jikinsa ta ɗiga a kan kwaɗo guba ce, fatar za ta tsotse ta nan take. Haka kuma duk abin da aka fesa ko aka kunna a ɗakin ta ragar zai shiga: fiya-fiya, maganin sauro na kunnawa, turaren feshi, hayaƙin turaren wuta. Akwatin kwaɗo ya zauna a ɗakin da ba a yin waɗannan.

Sai silikon, ɗankon nan da ake manna gilashi da shi. Nemi zalla, wanda aka rubuta ana haɗa akwatin kifi da shi. Wanda ake yi wa banɗaki da kicin yakan zo da maganin hana fumfuna a ciki, wannan ba ya yi. Ka tanadi reza, da almakashi mai ƙarfi, da tef ɗin takarda, da samfefa mai laushi.

Hanya mai sauƙi: gilashi a kan raga

Idan murfin ragarka lafiyarsa ƙalau, ba sai ka ɓata shi ba. Auna cikin firam ɗin, ka sa a yanka maka gilashin gida-gida, kada ya zama falle guda. A ce saman akwatin santimita 60 ne a tsawo, 30 a faɗi, kuma gwajinka ya nuna rabi za a rufe. Ka sa a yanka falle huɗu masu faɗin santimita 10 kowanne: uku na yau da kullum, ɗaya na ajiya don hunturu. Ka ce wa mai yankan, “Malam, a rage min milimita biyu a tsawon, a kuma goge min bakin.” Rage milimita biyun don ya zauna ba tare da an danna shi ba ne, gogewar kuma don hannunka, domin za ka riƙa ɗaga shi kullum. In bai goge ba, jiƙa samfefa ka bi gefunan da kanka har sai yatsa ya wuce ba ya jin kaifi.

Wanke gilashin da ruwa zalla. Ɗora shi yadda nauyinsa zai hau kan firam, kada ya hau tsakiyar ragar ya lotsa ta. Fara rufewa daga gefen da babu fitila. Ɗiga ɗan silikon a kan murfin kwalbar roba ka manna a kowane falle ya zama mariƙi.

Aibin wannan hanya ɗaya ne: ruwa yana taruwa tsakanin gilashi da raga, kuma idan ragar ƙarfe ce mai tsatsa, za ka fara ganin jan tabo bayan wasu watanni. Ɗaga fallayen sau ɗaya a mako ka goge. Da tsatsa ta bayyana, lokacin hanya ta biyu ya yi.

Hanya mai ɗorewa: sabon murfi na gilashi da tsirin raga

Wannan ita ce ta masu kwaɗin da ke son danshi mai yawa, da kuma wanda akwatin kifi ya samu ba murfi. Fitar da kwaɗon tukuna. Wanke hannu ka ɗauraye sosai, kada sabulu ko man shafawa ya rage, ka jiƙa hannun sannan ka ɗauke shi. Sa shi a mazubin roba mai ƙananan huji, da jiƙaƙƙiyar takardar goge hannu marar ƙamshi a ƙasa, a wuri mai sanyi. Bayan ka gama ka sake wanke hannu, domin kwaɗi suna iya ɗauke da ƙwayar Salmonella.

Idan akwai tsohon firam, juya shi ka duba. Wasu ragar an danna ta ne a kwaroro da siririyar roba, sai ka zaƙulo bakin robar ka ja, ragar ta fito. Wasu kuma a narke take cikin firam, sai ka bi gefen da reza ka yanke, ka goge ragowar tsinin waya da samfefa. Kada ka bar ko tsini ɗaya. Kwaɗin bishiya da dare suke yawo, har rufin suke hawa.

Yanke shawarar inda tsirin zai zauna. Iska mai ɗumi sama take yi, sabuwa kuma ta shigo ta ƙasa ta maye gurbinta. Akwatunan da ake buɗewa ta gaba suna da ƙananan kafofi a ƙarƙashin ƙofa. Idan irinsu ne naka, sa tsirin sama can wajen baya, don iskar ta ratsa akwatin gaba ɗaya kafin ta fita. Akwai masu sa shi a gaba, saman ƙofa, don gilashin gaba ya daina gumi su riƙa ganin dabbar sosai. Hakan yana aiki, amma kusurwoyin baya sukan zauna ba motsin iska. Idan akwatin kifi ne marar kafa a ƙasa, yi tsiri biyu, ɗaya gaba ɗaya baya, ka sa fitila kusa da na baya. Ɗumin fitilar zai riƙa fitar da iska ta nan, ya jawo sabuwa ta gaba.

Shimfiɗa leda a kan tebur mai shimfiɗaɗɗen kai, domin silikon ba ya kama leda. Jera fallayen gilashin, ka bar tazarar tsirin a tsakaninsu, ka kafe su da tef kada su motsa. Yanka ragar ta fi tazarar faɗi da santimita ɗaya a kowane gefe. Manna tef ɗin takarda a kan gilashin, santimita ɗaya daga baki, don aikin ya fita tsaf. Ja siririn layin silikon a bakin kowane falle, ɗora ragar a miƙe, ka danna da bayan cokali har ka ga silikon ya ɓullo ta idanunta. Sake jan wani layin a kai, ka jiƙa yatsa ka shafe, yadda duk bakin wayar da aka yanka zai nutse ciki. Cire tef ɗin tun silikon bai fara ƙafewa ba. In ka bari ya bushe zai yago gefen.

Bar shi a inuwa, wurin da iska ke kaɗawa, aƙalla awa 48. Irin wannan silikon yana fitar da wari mai tsami yayin da yake bushewa, kuma danshin iska ne ke busar da shi, saboda haka a hunturu yakan ɗauki lokaci fiye da haka. Kai hancinka kusa: muddin kana jin tsamin, bai yi ba. In ya daina, ɗauraye da ruwa, ka zaunar da shi a firam. Fallen gaba kada a manne shi, ta nan za ka riƙa ba da abinci idan akwatin ba shi da ƙofa.

Abu na ƙarshe shi ne marufin tsirin. Sa a yanka maka siririn gilashi da ya ɗan fi tsirin faɗi, a raba shi biyu ko uku. Ɗora su a kan ragar kawai. Ka ja ɗaya gefe iska ta ƙaru, ka mayar danshi ya ƙaru. Amma ko a tsakiyar hunturu kada ka rufe tsirin duka.

Fitila, wayoyi da kafofi

Gilashin taga yana tare hasken UVB, wani ɓangare na hasken rana da ido ba ya gani, kusan gaba ɗaya. Idan kana amfani da fitilar da ke ba da wannan hasken, dole ta zauna a kan raga, ragar ma tana rage wani kaso nasa. Fitilar ɗumi kuma kada ta hau kan gilashi ko roba: gilashin da ke zafi ta sama ana fesa masa ruwa ta ƙasa yana iya tsagewa, roba kuwa narkewa za ta yi. Fitilar LED ta tsirrai ba ta da wannan matsala, ɗan ɗaga ta kaɗan ya isa.

Wayar ma'auni da bututun feshi suna buƙatar hanya. Mafi sauƙi a sa mai gilashi ya sare kusurwa ɗaya kaɗan, ka wuce da wayar, ka cusa guntun soso a ragowar wurin. Idan huji zagayayye kake so don kan feshi, kai masa kan ya auna. Ana huda gilashi da bakin injin huda mai lu'ulu'u, a hankali, ana zuba ruwa. Gilashin da aka gasa don ƙarfi ba ya huduwa, tarwatsewa yake yi, kuma wasu akwatunan kifi da shi ake yin gindinsu.

Daga nan ka kashe fitilar ɗaki, ka haska tocila daga cikin akwatin, ka zagaya kana duba inda haske ke fita. Duk kafar da kan ƙaramin kwaɗo zai shiga, jikinsa zai bi, kuma wanda ya fita ya faɗa bayan kujera ba ya daɗewa kafin ya bushe. Kwaɗon White babba yana da ƙarfin ture falle marar nauyi, don haka sa maƙalli ko ka ɗora abu mai nauyi a gefen firam. Wannan yana kuma tare kyanwa daga sama.

Idan iskar ba ta wadatar ba

Wani lokaci tsiri kaɗai ba ya isa, musamman a dogon akwati ko ɗakin da ba a buɗe taga. Ƙaramar fankar kwamfuta mai faɗin santimita 4, wadda ke aiki da bolt 5 ta USB, tana magance wannan. Ɗora ta a kan raga tana zuƙo iska waje, ka kunna ta na 'yan mintoci sau biyu ko uku a rana. Idan motsa iskar ciki kawai kake so ba tare da asarar danshi ba, sa ta a ciki can sama, ka lulluɓe gabanta da bayanta da raga don kada yatsun kwaɗo su shiga, kuma kada ta hura kai tsaye inda yake kwana. Amma ka gina murfin yadda ko an ɗauke wuta yini guda dabbar ba za ta shiga wahala ba. Fanka taimako ce kawai.

Karanta akwatin, ka bi yanayi

Ma'auni yana ba ka lamba, akwatin da kansa yana ba ka sauran bayani. Duba shi da sassafe. Gilashin ya yi gumi daga ƙasa zuwa rabi, ɗigon ruwa na rataye a bakin ganye, wannan daidai ne. Dawo da hantsi bayan fitila ta yi awa biyu ko uku: ya kamata gumin ya janye, saman ganye ya bushe, ƙasa kuwa in ka tura yatsa ka ji sanyin laima. Idan har la'asar gilashin na nan dushi-dushi, ganye sharkaf, ka buɗe ka ji wari mai tsami maimakon ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa, iska ta yi kaɗan. Janye falle ɗaya. Farar fumfuna a kan sabon itace a makonnin farko ba abin tsoro ba ce, takan wuce da kanta. Wadda ke ƙaruwa wata bayan wata ita ce alamar matsala. Idan ka ga cikin kwaɗon da cinyoyinsa sun yi ja, ya daina cin abinci, ya yi lakwas, wannan na iya zama cutar jan ƙafa da ake dangantawa da ƙwayoyi irin su Aeromonas hydrophila. Ware shi a tsaftataccen mazubi ka nemi likitan dabbobi ba tare da jira ba.

Alamar bushewa kuwa, za ka ga kwaɗo ya tare a kwanon ruwa ya ƙi fita, ko ya matse ƙafafunsa tsam a jikinsa, fatar ta dushe. Kwaɗon ƙaho yakan nutse can ƙasa ya lulluɓe kansa da busasshiyar saɓa. Mayar da falle, ka jiƙa ƙasar ta kusurwa ɗaya. Kowane sauyi ka yi, yi ɗaya tak ka ba shi kwana biyu, in ba haka ba ba za ka san wanne ya yi aiki ba.

Ruwan feshi ma yana shafar murfin. Ruwan rijiya mai gishiri-gishiri yana barin farin tabo a gilashi yana toshe idon raga. Ruwan sama mai tsafta ya fi, ban da na farkon da ya wanke rufi. Na famfo a bar shi a buɗe ya kwana don sinadarin kulorin ya fita, ko a sa masa maganin da masu kiwon kifi ke amfani da shi.

A arewacin Najeriya da kudancin Nijar murfin nan zai sauya aƙalla sau uku a shekara. Da hunturu, daga wajen Nuwamba zuwa Fabrairu, danshin iska da rana kan faɗi ƙasa da kashi 20. Nan ne za ka fito da fallen ajiya, ka rage tsirin, ka daina kunna fankar zuƙo iska. Ƙurar hunturu tana toshe raga mai ƙananan ido, sai ka ɗauke murfin ka goge ta da tsohon buroshin haƙori duk mako. Da damina ta kankama, musamman a Agusta, iskar ɗakin da kanta tana da danshi: cire fallaye, rage feshi, bar iska ta yi aikinta.

Bazara ce ta fi wuya, domin ga zafi ga bushewa, kuma abin da za ka yi wa ɗaya yana ɓata ɗayan. A nan zafi za ka fara tsoro. Akwatin da aka rufe yana tara zafi, wanda aka buɗe kuwa ruwan da ke tashi daga jiƙaƙƙiyar ƙasa yana sanyaya shi, kamar yadda randa ke sanyaya ruwa. Don haka buɗe fiye da yadda ma'aunin danshi ke so, ka rama da feshi sau uku ko huɗu da kuma kwanon ruwa mai faɗi. Sauko da akwatin ƙasa, a ɗakin da ya fi sanyi, nesa da tagar da rana ke shigowa, ka kashe fitilar ɗumi gaba ɗaya. Ranar da ma'aunin ciki ya doshi digiri 30, naɗe gorar ruwa mai ƙanƙara a tsumma ka kwantar a kan ragar. Sanyin zai sauka ciki. Ajiye gora ta biyu a firji don ka musanya idan ta farko ta narke.